Hayaƙi a Rediyon Malam

"Kai ka kashe shi, Injiniya. Kada ka kalli ƙasa, ni za ka kalla."

Iya ta dire rediyon a teburin mai gyaran, sukurori suka watse. Ba irin na jin labarai ba ne, wanda ake magana ta cikinsa ne a ji ka a wata ƙasa. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Malam, mijinta, rediyon nan ne kasuwarsa, shi ne majalisarsa. Da hannunsa mai lafiya yake danna abin magana, ya yi ta musu da tsofaffi irinsa waɗanda bai taɓa ganin fuskarsu ba.

Laifin rediyon ɗaya ne. In Malam ya ja surutu, bayan akwatin ya ɗau zafi, sai ya ɗauke ɗif, in ya huce ya dawo. Shi ya sa kwanakin baya ta ɗauko shi a ka ta kawo wa wannan bawan Allah, da unguwa ta raɗa wa Injiniya don ya taɓa tayar da wata matacciyar tocila.

"Haba Iya, ai cewa kika yi ya daina ɗaukewa. Ya ƙara ɗaukewa?"

"Bai ƙara ba. Hayaƙi ya yi! Ɗakina har yanzu wari yake kamar an babbaka gashi."

Ya kwance murfin yana hura hanci, shi a dole gwani. Ya nuna mata wasu wayoyi sirara da aka datse.

"Kin ga nan? Wani ɗan abu ne manne da ƙarfen baya. In ya ji zafi sai ya katse wuta. Shi ne mai kawo matsalar, na cire shi."

"To zafin fa, me ke kawo shi?"

Ya sosa ƙeya da sukundireba.

Iya ba ta san waya daga zare ba, amma ta san ƙazanta in ta gan ta. Ta leƙa. Ga 'yar fanka a ciki, ƙura ta yi mata bargo. Ta zungure ta da yatsa, ko motsi, sai busasshen kyankyaso da ya faɗo.

"Sannu, Injiniya. Sannu da aiki. Mai gadi na ihun gobara, ka kori mai gadi, ka bar wuta. Da likita ne kai, mai tari ya zo, bakinsa za ka ɗinke."

Telan shagon kusa ya tuntsire da dariya har kekensa ya tsaya.

Injiniya ya ce, "Iya, a yi haƙuri. Abubuwan da suka ƙone ba a samun su nan kusa. Ga wannan ƙaramin rediyon, Malam ya riƙa jin kiɗa kafin nan."

"Kiɗa! Rawa ka ji zai yi?"

Malam ya juya wa bango fuska tun ranar da rediyon ya yi hayaƙi. Abinci sai ta yi da gaske yake karɓar loma. Kullum tambayarsa ɗaya, ko abokansa na can suna kiransa, ko sun ɗauka ya mutu.

Ta ja kujerar mai gyaran ta zauna a ƙofa, ta tare hanya.

"Ni na gaji da ba shi amsar da ba tawa ba. Rufe shagon nan, ka ɗauki rediyon a kanka yadda na ɗauko shi. Mu je gaban gadonsa, ka faɗa masa da bakinka wa ya ce ka cire, kuma yaushe zai sake jin muryar mutanensa."