Ranar da Aka Sallami Dillali

Mai Kunne ba mutum ne mai yawan zargi ba, amma idan ya kama ka da zargi, sai dai wani ikon Allah. A 'yan watannin nan wanda ya kama ba ma mutum ba ne. Wata manhaja ce a cikin kwamfutarsa wadda masana ke kira sabar sauti, shi kuwa ya raɗa mata suna Dillali.

Aikin Dillali ba shi da wuyar ganewa. Duk manhajar da ke son yin ƙara ba ta zuwa wurin lasifika kai tsaye, sai ta miƙa wa Dillali, shi ya haɗa, ya daidaita, ya tura gaba. Mai Kunne kuwa ya tsufa a aikin haɗa sauti tun zamanin da ake yanka zaren kaset da reza a liƙe da salatif, kuma bai taɓa yarda da abin da zai shiga tsakanin kunnensa da murya ba. Da kunnen nan ya ci sunansa. Abokan aikinsa na dā sukan ce ko sauro ya gifta bayan ɗakin ɗaukar murya, sai ya tsayar da aiki ya ce a sake.

Yanzu ɗakin aikinsa yana bayan gida, an manna wa bangonsa soso, ga tebur, ga kujeru biyu. A nan yake haɗa wa wata mata shirin labaran yara da take kai wa gidan rediyo. Ita ce ta bugo waya da ladabi ta ce, ranka ya daɗe, shirin ya karkata. Duk muryoyin sun koma hagu, har wani yaro ya tambayi uwarsa ko mai labarin ta ɓuya a bayan labule ne. Ta ce idan na wannan makon ma ya zo haka, dole ta kai aikin wani wuri, ba don tana so ba.

Maganar ta yi masa zafi, domin wannan ne aiki ɗaya da ya rage masa. Kuma ya san mai laifin. Shi da kansa ya lura ɓangaren hagu ya yi rauni, shi ya sa yake ƙara masa ƙarfi. Ya sauya wayar haɗi, ya sauya hedifon ɗin da yake sawa a kunne, ya hure ramukan da ake soka wayar da iskar bakinsa, duk a banza. Saura wa? Dillali.

Sai ya kira Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke kula da kwamfutocin wani ofis. Ta zo da hantsi ranar hutunta, ta gaida mahaifiyarta, ta shige ɗakin soso.

"Baba, me kake so in yi masa?"

"Ki kore shi."

"Ba a korarsa gaba ɗaya. Zan dai tsayar da shi na ɗan lokaci, sauti ya wuce kai tsaye. In matsalar ta tafi, shi ne. In ba ta tafi ba, sai mu nemi wani."

"Babu wani wani. Ki tsayar da shi kawai ki sha mamaki."

Auta ta buɗe wata baƙar taga a allon kwamfutar ta rubuta umarni. Dillali ya ɓace daga jerin manhajojin da ke aiki. Mai Kunne ya gyara zama yana shafa gemu, amma kafin hannunsa ya kai ƙarshen gemun, sai ga Dillali ya dawo ya zauna a gurbinsa kamar ba shi aka sallama ba.

"Kin gani ko? Mara gaskiya ne. Mai gaskiya in an ce ya fita, fita yake yi."

Auta ta sake, ya sake dawowa. Dariya ta kusa kayar da ita daga kujera. Ta ce haka aka gina shi, da ya faɗi sai ya tada kansa, sai an shiga saitinsa an hana shi farkawa tukuna.

A daidai nan Maman Auta ta shigo da ruwan sanyi. Ta ajiye, ta zagaya bayan mijinta, ta ja kujerarta ta zauna a damansa. Ta tambayi wa ake kora. Da aka gaya mata, ta ce, "Allah sarki. Shi ma ya shiga sahunmu. Ni ma an ce na koma maganar ciki-ciki."

"Kin koma mana," in ji Mai Kunne. "Da can muryarki har titi."

Sai ta kalli 'yarta.

Auta ta sauya layi ɗaya a saitin, ta sake ba da umarnin. Wannan karon Dillali ya kwanta bai motsa ba. Ta yi wa mahaifinta bayani cewa yanzu manhaja ɗaya ce kawai za ta iya magana a lokaci guda, sauran sai su jira.

"Ashe ana samun gida irin wannan a duniya," ya ce, yana satar kallon matarsa.

"Ana samu," ta ce. "Wanda kake kai kaɗai a ciki."

Auta ta sa hedifon a kanta, ta kunna ƙarar gwaji, wata siririyar ƙara mai zuwa hagu sannan ta koma dama. Ta saurara, ta sake saurara. Murmushin da ke fuskarta ya ɗan ragu. Ta cire, ta miƙa wa mahaifinta.

Mai Kunne ya ɗora hedifon kamar mai ɗora hular da ya saba da ita, ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa alamar a kunna. Ya ji wani abu can nesa, dushi-dushi. Sannan ƙarar ta faɗo dama tangaran.

"Bai mutu ba," ya ce. "Yana nan a ɓoye yana cin hagun."

"Baba, ga jerin nan. Ba ya ciki."

"To katin sautin da ke cikin kwamfutar ne."

"Ni na ji su daidai. Ga ma'aunin sauti ma a allo, sandunan hagu da dama kai ɗaya suke."

"Ku yaran yanzu kun kashe kunnuwanku da kiɗa. Miƙa wa Mamanki ta ji."

Maman Auta ta karɓa, ta sa, ta saurara, ta cire, ta riƙe shi a cinya. Ita da ba a raba ta da amsa, yau ta rasa ta cewa. Shirun nan nata ne ya tsorata shi.

Akwai gwaji ɗaya da Mai Kunne ya koya wa duk wanda ya taɓa zama a ƙarƙashinsa, gwajin da ba ya bukatar kwamfuta ko Auta. Idan gefe ɗaya ya yi rauni, ka juya hedifon, na hagu ya koma dama. In raunin ya bi hedifon, laifin na'ura ne. Wata da watanni yana sauya wayoyi yana zagin Dillali, amma wannan gwajin bai yi shi ba, kuma can ƙasan ransa ya san abin da ya hana shi.

Ya miƙa hannu, matarsa ta ba shi. Ya juya hedifon ya sa, ya ɗaga yatsa.

Raunin bai bi hedifon ba. Yana nan a hagu inda yake.

Ya cire a hankali ya ajiye a tebur. Baƙin ciki ya cika shi, da kunya, ya ji kamar an kira sunansa a taro an ce ba nasa ba ne. Ya daɗe yana kallon soson bango.

"Tun yaushe kika sani?" ya tambayi matarsa.

"Tun ranar da na mayar da kujerata dama. Kai ka ɗauka fanka nake bi."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa, Baban Auta. Ta hagu na faɗa."

Dariya ta kuɓuce wa Auta, ta toshe baki. Mai Kunne ya harare ta, sai shi ma abin ya ci ƙarfinsa, ya yi dariyar da ta zo da ƙwalla. Auta ta ce gobe za ta kai shi wurin likitan kunne, wataƙila ma abin mai sauƙi ne. Shirin wannan makon kuwa, ya bi ma'auni, Mama ta zauna ta tabbatar masa da hagun.

"Tada shi," ya ce yana nuna kwamfutar da haɓa. Auta ta mayar da layin yadda yake, Dillali ya farka ya koma bakin aikinsa ba tare da ya nemi ba'asi ba. Mai Kunne ya gyara murya ya ce, "To, a yi haƙuri." Bai faɗi wa yake nufi ba, amma ba kwamfutar yake kallo ba.

"Wato duk tsawon lokacin nan," ya ce, "me da me kike faɗa mini ta hagu?"

"Duk abin da na ga dama. Na huta sosai."

Ta tashi za ta kwashe kofuna. Da ta zo wucewa ta hagunsa, sai ta sunkuya ta faɗi wata magana dab da kunnen. Auta ta ji, ta yi saurin mayar da ido kan allo tana murmushi. Shi kuwa ɗumin numfashinta kawai ya ji.

Ya kama hannunta kafin ta wuce. Ya juya kujerarsa gaba ɗaya, ya miƙa mata kunnen dama.

"Sake faɗa," ya ce. "Wannan ba na so ta wuce ni."