Rubutun da Inna Ta Aiko

…to amma ai ba ruwa ba ne. Wato ba ruwa ba ne irin na randa. Abin da Yelwa ke ta nanatawa a ranta ke nan tun da motar ta bar ƙofar gida. Gorar tana cikin jaka, naɗe da tsohon ɗankwali, sanyinta na ratsa zani yana taɓa mata cinya. Rubutu ne. Ayoyin Allah ne Malam Ja'afar na Darki ya rubuta a allo ya wanke, Innarta ta aiko da shi jiya da saƙo guda: a ba yarinyar nan ta sha kafin a sa mata wuƙa. Ta sha, in ji Inna. Ba ta kurkure baki ta zubar ba.

Ita kuwa nas ɗin can ta asibitin Kano, doguwar nan mai tabarau, sai da ta riƙo hannun Yelwa. "Mama, kin ji ni ko? Daga tsakar dare ko ruwa kada ta sha. Ko cokali guda. In an sa mata barci, abin da ke ciki yana iya tasowa ya faɗa huhu." Huhu… To rubutu ma yana faɗawa huhu? Ayar Allah za ta ɓata hanya? Astagfirullah. Amma tawadar fa, da ruwan da aka wanke ta da shi — shi ruwan ya san aya yake ɗauke da ita?

Me ya hana ta tambaya a lokacin? Ai lokacin gorar ba ta zo ba. Kuma da ta zo, wa za ta tambaya? Babansu ga shi can a gaba, carbi kawai yake ja, tun jiya bai haɗa kalma uku ba. In ta gaya masa zai ce a bi likita, shi ke nan, ya juya kai. Shi ba shi Inna za ta kira ba.

Sharifa na gefenta, ta jingina kai da gilashi, ido a rufe. Leɓenta ya bushe, ya yi fari-fari. Ƙarfen haƙoran nan na leƙowa ta tsakanin leɓɓan da ba su taɓa haɗuwa da kansu ba sai ta matsa su. 'Yar fari. Yelwa ba ta kama sunanta, ba ta taɓa kamawa ba, "ke" ce, ko "'yar nan". Haka ta ga an yi, haka ta yi. Rabon da ta taɓa fuskar nan da hannunta tun… tun yaye? Kai, ko dai lokacin ƙyanda?

Tun bara waccan aka sa ƙarfen. Ita ta ɗauka shi ke nan maganin, a ja haƙora su koma layi kamar yadda ake ɗaure reshen tumatir. Sai ga haɓa tana ƙara fitowa. Wata na bin wata, abu na ƙara muni, yarinya ta koma rufe baki da littafi in za ta shiga jami'a. Wai dama haka ake so. Wai sai an miƙe haƙoran tukuna, sannan a gyara ƙashin. Ƙashin! Likita ya ɗauko ƙoƙon kan mutum na roba ya ajiye a tebur, yana nunawa da biro: nan za a yanka, ta cikin baki, a tura muƙamuƙin baya, a ɗaure da 'yan kusoshi. Yana faɗa kamar kafinta zai rage ƙafar kujera. Can sai ya ɗago, ya dubi Yelwa. Ya ɗan daɗe yana dubanta. "Gado ne ai," ya ce, da fara'arsa.

Ta ja mayafi ta rufe baki. Gado ne ai…

Goshin kwale-kwale. Haka yaran Darki ke kiranta a firamare. "Yelwa, haɓarki ta riga ki shiga aji, malam ya rubuta ta ta zo!" Ta yi kuka, ta saba, ta girma, aka aure ta. Nama kuwa dama haɗiye shi take yi rabi da rabi, ta ɗauka haka kowa ke ci. Ciwon nan da ke kama gefen kunne in ta tauna rogo, ta ɗauka haka kowa ke ji. Ashe wai cuta ce mai suna. Sai da 'yar da ta haifa ta zo ta zauna a bakin murhu, tana kallon wuta ba ta kallon ta, ta ce, "Umma, ni kam na gaji da ciwon kan nan. Kuma ina so in gatsa masara da haƙoran gaba kamar mutane, ko sau ɗaya."

Kamar mutane.

"Yau dai za a rage mana baranda ko, 'yar boko?" Garzali ne, ƙanin babansu, yana tuƙi yana leƙen madubi. Sharifa ta yi murmushi ba ta buɗe ido ba. "Baffa, ka tanadi rake. Dami guda." Ya yi dariya shi kaɗai, dariyar ta mutu a hanya. Shi ma tsoro yake ji. Dubi yadda ya riƙe sitiyari.

Ga gada. Ga manyan motocin shanu sun cushe ta, an tsaya cak. Ruwa ya kawo bana, kogin ya yi ja, har ya shanye inda masu yashi ke lodi. Ƙamshin soyayyen kifi na shigowa ta taga — ya Allah, da yunwa a cikin yarinyar nan — a rufe gilashin mana…

Rahinatu. A'a. Ba yanzu ba.

Rahinatu, ƙanwarta, autar Inna. Haihuwa ta gagara, aka ce sai aiki. Inna ta taso daga Darki da gora irin wannan, mota ta lalace musu a hanya, kafin ta iso an tura gadon, an rufe ƙofa. Ta roƙi a buɗe, ko ɗigo ɗaya a sa mata a harshe. Ba a buɗe ba. Inna ta zauna a dandamalin siminti da gora a cinya, ba ta sha ba, ba ta ajiye ba, har aka fito da Rahinatu a lulluɓe. Kwana ne ya ƙare. Yelwa ta sani, an faɗa a Islamiyya, ba gora ke rayawa ba. Inna ma ta sani. Amma tun daga ranar ko kaciya za a yi a zuri'arsu sai an sha, kuma duk wanda ya sha ya tashi. Duk wanda ya sha… To wanda bai sha ba fa, mutum nawa ne? Ɗaya. Ɗaya tak, kuma ga inda take kwance.

Amma shekaranjiya fa? Shekaranjiya da ita Yelwa ta ce bari ta gwada. An ce bayan aikin za a ɗaure bakin da 'yan robobi, babu tauna, sai abu mai ruwa-ruwa ta sirinji. Ta dama kunun gyaɗa, ta tace, ta sake tacewa da farin ƙyalle har ya zama kamar ruwan wankin shinkafa. Ta shiga ɗaki ta sakaya ƙofa kada yara su gani. Ta cije haƙora, ta tura sirinjin ta gefen kunci, ta danna. Ya bi ta inda bai kamata ba. Wayyo — numfashi ya ɗauke, ƙirji kamar an zuba barkono, ta durƙusa tana tari, hawaye har haɓa. Ita da take farke ke nan, mai iya tari. To wanda aka sa wa barci fa? Wa zai yi masa tarin?

Ko cokali guda, Mama.

Ta sha, in ji Inna.

Da ma yarinyar mai gardama ce, da an huta. Da ta ce Umma likita ya hana, sai Yelwa ta kira Inna ta ce kin san 'ya'yan yanzu. Amma wannan? Wannan in aka miƙa mata za ta karɓa da hannu biyu, ta yi bismillah ta shanye, ta san an hana, ta shanye, don kada uwarta ta ji kunya a gaban tata uwar. Ba ta taɓa mayar da hannun Yelwa ba. Shi ya sa abin ba na kowa ba ne. Ba na likita ba, ba na Inna ba. Yana nan cikin jakar nan, ƙarƙashin hannun nan…

Wayar na rawa a ƙasan gorar. Ba sai ta duba ba. Inna ba ta iya kira ba, jikokinta ke danna mata, amma ta san lokacin fita, ta lissafa da rana. "Ita ta ga aibun haɓarmu," haka Inna ta ce ranar da aka gaya mata zancen aikin Sharifa. "Kakanta da ita ya gan ni, har ya sayar da ɗan maraƙi." Ta yi dariya. Daga baya ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Wayar ta yi shiru. Za ta sake.

Yaushe ta kwance ɗankwalin? Ga murfin a hannunta. Ruwan baƙi-baƙi, warin tawada da hayaƙi, warin zauren Malam, warin duk wata rashin lafiya ta yarinta. A sha a shafa, haka ake cewa. A sha… a shafa. Inna ba ta ce a shafa ba. Amma ai ana cewa. Rabin umarni umarni ne? Allah na karɓar rabi?

Ta tsiyaya a tafin hannu. Wani ya zube a zani.

"Ke. Juyo nan."

Sharifa ta buɗe ido. Ta ga gorar, ta ga hannun. Ga shi, ga abin da ake tsoro — ta ɗan buɗe baki. Ta buɗe baki, jama'a, tana jira.

"Rufe."

Ta rufe, ta matsa leɓɓan. Yelwa ta ɗora tafin a muƙamuƙin. Daga ƙasan kunne, inda za a yanka, ta gangaro a hankali… ɗumi. Ashe haka fatar take da laushi. Ashe ƙashin nan haka ya cika hannu, daidai, kamar in tana alwala ta shafo nata. Shi ne. Nata ne sak, na Inna ne, na Rahinatu ne da ke ƙasa. Duk gidan babu wanda ya ɗauko ta sai wannan, sauran duk babansu ne. In an fito da ita anjima — in an fito da ita, ya Rabbi, a fito da ita ko da wace fuska, ko ba ta kama da kowa, ko Yelwa za ta wuce ta a kasuwa ba ta gane ba…

Motar gaba ta motsa. Garzali ya sa giya. Wayar ta soma rawa kuma.

Hannun bai sauka ba. Sharifa ta kwantar da haɓarta a ciki, ta lumshe ido, kamar dama can wurinta ne. Ga wani ɗigo baƙi ya gangaro daga yatsa, ya tsaya a gefen bakin, daidai inda leɓen ya tsage don ƙishi. Yana ƙyalli. Babban yatsan Yelwa na kusa da shi, kusa ƙwarai, ta goge ko ta bari — ɗigo ɗaya sha ne? Wa zai ce sha ne, nas ko Inna? In Inna ta ce ta sha, me za ta…

"Sharifa," ta ji bakinta ya faɗa. A gaba carbin babansu ya tsaya.

Ɗigon na nan.