Kiran Baba daga ɗakin baya

Ranar Asabar da la'asar mutum bakwai suka taru a falon Manasse a unguwar Moduganari don nazarin Maganar Allah. Manasse malamin sakandare ne, shi ke jagorantar su. Kirsimeti ta matso, don haka ya zaɓi batun yadda Allah ya ɗauki jiki ya zama mutum.

Kafin baƙin su iso ya ja ƙofar ɗakin baya ya rufe. A nan mahaifinsa yake kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Matarsa Hope ce ke yi wa tsohon komai, amma ta tafi Biu jana'iza.

Bayani ya yi wa Manasse daɗi a baki. Ya ce Mahaliccin sama da ƙasa bai ƙyamaci jikinmu ba, ya ji yunwa, ya yi gumi, ya gaji.

Yoila, wani tela mai yawan tambaya, ya ce, "Malam, wato har wanka Maryamu ta riƙa yi masa, tana wanke masa tsumma?"

"Ƙwarai kuwa," in ji Manasse.

Sai aka ji murya daga ciki. "Manasse."

Ya yi kamar bai ji ba, ya ƙara ɗaga murya. Aka sake kira. A karo na uku ba kira aka ji ba, ƙarar faɗuwa ce.

Duk suka ruga. Tsohon yana ƙasa kusa da bokiti, zaninsa ya ɓaci, wari ya cika ɗakin. Ya yi ta ƙoƙarin rufe jikinsa da hannun da ke motsi, yana cewa, "Ku yi haƙuri, 'ya'yana. Na ɓata muku karatu."

Manasse ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ba wanda ya dube shi, wannan kuwa ya fi masa ciwo. Yoila ya soma naɗe hannun riga.

"Bari," Manasse ya ce a hankali. "Ubana ne."

Suka fita. Ya ɗumama ruwa, ya ɗaga tsohon, ya ji ba shi da nauyi ko kaɗan. Wata goma sha ɗaya yana kwance, yau ne Manasse ya fara ganin gyambon da ke bayansa. Ya wanke shi yana ta kuskure, sabulu har a ido.

"Hope ta fi ka iyawa," in ji tsohon.

"Na sani, Baba."

Da ya fito, suna zaune a falo suna jiransa. Ya ɗauki takardar darasinsa, ya duba, ya kasa karanta ko layi ɗaya.

"Yoila, rufe mana da addu'a," ya ce.

Bayan sun watse ya tafi kemis neman maganin gyambo, sai a can ya gane bai ma san sunan maganin da ake shafa wa tsohon ba. Ya tsaya a bakin kanta ya kira Hope a waya.