Motar da Ta Ƙi Haye Gada

A shagon gyaran na'urori na kawunta, Injiniya ake ce mata, kuma ba don girmamawa aka fara ba. Ta gama karatun lantarki ta dawo da takardarta, Kawu ya ajiye ta a bakin ƙofa tana sayar da caja. Ta daɗe a nan tana haɗiye maganganu kafin ya ba ta gefen teburin gyara, shi ma bisa sharaɗi: ranar da aikinta ya jawo masa abin kunya, ta koma wajen cajarta.

Mai Gem ne ya kusa mayar da ita. Yana da ɗakin wasan bidiyo a ƙarshen layi, ya kawo na'urar gem ɗinsa ta canza mata idon da ke karanta faifai. Bayan kwana kaɗan ya dawo da ita a hammata yana huci. Ya ce wasan tseren mota na tafiya lafiya, amma da an zo bidiyon da jar mota ke hawa gada, sai hoto ya tsaya cak, murya ta dinga in'ina. Ta buɗe, ta gwada da faifan shago, komai lafiya. Ya tafi, ya sake dawowa. Wannan karon a gaban mutane ya ce wa Kawu gyara ba girki ba ne. Aka kwashe da dariya. Kawu bai yi ba, sai dai ya kalli kwalin caja, ya kalle ta.

Ta nemi ganin faifan. Mai Gem ya ce faifansa ba ya fita, kuma babu mai kula da kaya kamarsa. Sai ta bi shi ɗakin wasan da safe, ta zauna a benci ta naɗe hannu. Ɗakin tsaf yake. Mutumin ya share, ya goge talabijin da wani tsohon tawul, sannan ya ciro faifan, ya hura masa iska, ya ɗiga man goge baki, ya shiga murzawa da tawul ɗin nan, zagaye-zagaye, yana 'yar waƙarsa. Ya ce kullum haka yake yi, wannan kuwa har ya fi samun gata don shi aka fi so.

Ta karɓa ta ɗaga a hasken taga. Karcewa ce siririya ta bi zagayen faifan, daidai hanyar da ido ke bi. Garin neman gira an rasa ido.

Ba ta yi gardama ba. Ta nuna wata na'ura a kan kanta ta tambayi wa ya gyara ta. Ya ce kawunta, kuma ba ta taɓa ba shi ciwon kai ba. Ta roƙe shi ya ɗauko ta da faifan su je shago.

A gaban Kawu aka sa faifan a na'urar da shi ya gyara, aka kunna. Jar mota ta taso da gudu, ta hau gada, ta ƙame.

"Kawu," ta ce a hankali, "ko kai ma za ka zo mu sayar da cajar?"

Mai Gem ya sosa ƙeya, ya ce ai tsafta yake yi. Ta nuna masa yadda ake yi: ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, man goge baki kuma a bar wa haƙori.

Kawu ya daɗe yana kallon motar. Can ya tashi, ya kwashe tarkacensa daga rabin teburin, ya tura mata fitilar aiki.

"Matso da kujerarki, Injiniya," ya ce.

Babu wanda ya yi dariya. Ta ja kujerar, ta kunna fitilar.