Tsallen Kadijatu na Uku

Sandar ta sake faɗowa.

Kadijatu tana kwance a kan katifa lokacin da sandar ta bugi ƙasa, ta mirgina har gaban takalmin mai jarrabawa. Malama Caroline, malamar wasanni da motsa jiki, ta ga abin da ya faru kamar yadda ta gani a karon farko. Yarinyar ta tashi da baya, kai ya wuce, kafaɗu sun wuce, ƙafafu sun wuce, ko shafar sandar ba ta yi ba. Jelar hijabinta ce ta biyo baya ta share ta.

"Biyu ke nan," in ji Malam Sirajuddeen, mai jarrabawar da aka turo daga waje. "Saura ɗaya."

"Ranka ya daɗe, ka gani ai," Caroline ta ce daga bayan igiyar da aka ja wa malaman makaranta. "Jikinta bai taɓa ba. Yadi ne."

"Malama, sanda nake kallo. Ta faɗi ko ba ta faɗi ba?"

"Ta faɗi."

"To."

Caroline ta kawar da kai. Laifinta ne, kuma laifi biyu. Shekara da shekaru mace ake turowa ta yi wa 'yan mata jarrabawar fili, saboda haka a bayan ɗakin gwaje-gwaje suke atisaye, inda namiji ba ya leƙawa, kowa da 'yar hularta. Ko sau ɗaya Kadijatu ba ta taɓa tsallake sanda da hijabi ba. Yau da safe sai ga namiji ya sauko daga keke napep da jakarsa, wai matar da ta saba zuwa ta haihu. Ya zagaya bayan ɗakin, ya ce ƙasar ba ta kwanta daidai ba, a kai kaya babban fili.

Na biyun ya fi ciwo. Caroline ce ta ce wa Kadijatu jiya kada ta ɓata ƙarfinta tun sanda na ƙasa, ta jira sai an ɗaga, sauran sun zube, sannan ta shiga. Yarinyar ta bi maganarta. Yanzu sauran duk sun fita da ɗan makinsu, ita kuwa da ta fi kowa a ajin ƙarshe ba ta tsallake komai ba. In ta sake kayarwa, sifiri za a rubuta mata. Da sifiri a tsalle ba za ta ci darasin ba, in kuwa ba ta ci ba, maganar kwalejin horar da malamai ta mutu. Bappa Yuguda, ƙanen mahaifinta da ke riƙe da ita, ya faɗa da bakinsa: in ta faɗi, ta koma ɗinki kamar yayyenta, kada a sake kawo masa zancen guje-guje.

Malam Sirajuddeen ya dubi yarinyar, ya ɗan sassauta murya. "'Yata, 'yan uwanki da yawa sun cire nasu sun yi da hula. Ban hana ki ba."

Kadijatu ba ta dube shi ba. Ta juya ta kalli gabas, inda ruwan bara ya rushe katangar makaranta ta ɓangaren titin Barade. Masu keke sun jera a wurin, wasu a zaune a kan bulo, wasu a tsaye a kan kujerar baya suna leƙe. Ɗaya yana ta ɗaga waya.

"A'a, Malam," ta ce.

"Ke kika sani. Ki huta kaɗan. In na busa usur ba ki taso ba, na ɗauka kin fasa."

"Ranka ya daɗe, a mayar da sandar bayan ɗakin can mana," in ji Caroline. "Tsalle ɗaya ne."

"Sauran a nan suka yi. In canja wa mutum ɗaya fili? Kuma ko can ɗin ni zan tsaya, ni ma ai ba mace ba ce." Ya nuna ta da bironsa. "Na faɗa da safe, zan maimaita. Ki yi magana da ni yadda kike so. Amma kika buɗe baki kika gaya wa ɗaliba abin da za ta yi, na soke makinta, ke kuma na kai sunanki."

Caroline ta ja baya. Zufa ta jiƙa mata wuyan riga.

Kadijatu ta koma inda take fara gudu, ta tsaya tana murza bakin hijabin da yatsu. Fari ne na makaranta, ya sauko har cinya. Ta ɗan kama gefensa kamar za ta cusa shi cikin wando, ta tuna idanun da ke bakin katanga, ta sake shi. Ta ɗago kai ta nemi malamarta.

Caroline ta san kallon. Shi yarinyar ta yi mata ranar da Caroline ta je gidansu a Kachalla Sembe roƙon a bar ta ta ɗauki darasin. Ta zauna a tabarma a zaure, Bappa Yuguda yana jan carbi yana sauraro, har ya gama ya ce ya yarda, da sharaɗi: ba za ta buɗe kanta a gaban maza ba, kuma tsallenta ya tsaya cikin katangar makaranta. Caroline ta ɗauki alkawari. Da za ta tafi ta leƙa cikin gida yin sallama, ta tarar da Kadijatu a bakin rijiya tana jan guga, ta...

Nan tunanin Caroline ya tsaya. A bakin rijiya Kadijatu da hijabi take. Ta ɗora gefe da gefe a kan kafaɗu, ta tattare jelar a baya, ta ɗaure da ɗankwali a ƙugu don kada ya bi igiya. Abin da take yi kullum da safe ba tare da tunani ba. Tsoro ne kawai ya sa yau ta manta.

Amma ba halin faɗa.

A kan benci kusa da ita hijaban 'yan matan da suka cire nasu ne a jibge. Caroline ta miƙa hannu ta zaro ɗaya, ta zura kai.

"Madam, nawa ne fa," in ji Zakiyya, ƙawar Kadijatu, wadda bakinta ba ya hutawa ko a ɗakin jarrabawa. Ta kalle ta sama da ƙasa. "Wallahi ya karɓe ki. Shahada kawai ta rage, mu raɗa miki suna."

'Yan mata suka fashe da dariya. Malam Sirajuddeen ya waiwayo.

"Malama, lafiya?"

"Rana ce, ranka ya daɗe. Tana dukan kaina."

Bai ɗauke ido daga kanta ba. Ya ɗaga usur zuwa bakinsa.

Caroline ba ta kalli Kadijatu ba. Ta kalli bishiyar darbejiya da ke can ƙarshen fili. A hankali ta ɗora gefen hijabin na dama a kafaɗa, sannan na hagu. Ta kai hannu baya ta tattare jelar. Ta ɗauki tawul ɗinta ta zagaya ƙugu da shi, ta ƙulle tam. Daga nan ta sunkuya ta yi kamar tana jan wani abu mai nauyi daga ƙasa, hannu bayan hannu.

"Yanzu kuma ruwa take ja," Zakiyya ta faɗa ƙasa-ƙasa. Sai dariyar ta maƙale mata. Ta juya da sauri wajen ƙawarta, ta toshe bakinta da hannu biyu.

Usur ya yi ƙara.

Kadijatu ba ta taso ba. Hannayenta sun shige ƙarƙashin hijabi, sun kai ƙeya. Ta kwance ɗankwalin da ke kan hularta ta zaro shi ta ƙasa, ko silin gashi bai fito ba. Gefen dama a kafaɗa, gefen hagu a kafaɗa, dogayen hannayen rigarta suka bayyana. Ta tattare jelar.

"Ina jira," in ji Malam Sirajuddeen.

Ƙullin farko ya zame. Ta ciji leɓe ta sake ƙullewa, ta ja har sai da ta yi nishi.

"'Yata, zan rubuta."

Ta taso.

Ta fara a hankali, ta ƙara sauri, ta lanƙwasa gudun yadda aka koya mata. Masu keke suka yi tsit. Ƙafar hagu ta doki ƙasa, ta tashi, ta ba sandar baya. Kai ya wuce. Ƙullin ɗankwalin ya shafi sandar, shafa kaɗan, ta watsa ƙafafu sama ta faɗa katifa.

Sandar ta yi rawa. Gefe ɗaya ya matsa har bakin maƙalinsa. Caroline ta ji faratanta sun shiga tafin hannunta.

Rawar ta ragu, ta tsaya. Sandar tana sama.

Ihu ya tashi daga bakin katanga, masu keke suka danna ham gaba ɗaya. 'Yan mata suka yi kan katifa, Zakiyya a gaba. Malam Sirajuddeen ya ɗaga hannu ya tsayar da su. Bai rubuta komai ba. Ya tako har bakin igiya, ya tsaya gaban Caroline yana kallon tawul ɗin da ke ƙugunta.

"Rana, ko?"

"Rana, ranka ya daɗe."

"Rijiyar fa?"

Caroline ta sunkuyar da kai. In ya ga dama, a nan zai soke komai, kuma ba wanda zai ce ya yi zalunci.

Ya daɗe yana juya biro a hannu. "Cewa na yi kada ki buɗe baki," ya ce. "Ban ji muryarki ba." Ya juya ya yi rubutu a takardarsa. "Ta tsallake. A ɗaga sandar, in tana da sauran ƙarfi. Ke kuma ki mayar wa mai kaya kayanta, tun ba ta raɗa miki sunan ba."

Kadijatu ta sake tsallakewa, aka ƙara, ta sake, har sai da sandar ta kai inda maƙalan suka ƙare. Da aka tashi ta zo ta rungume malamarta, fuskarta a jiƙe. "Madam, Bappa ba zai ce ɗinki ba yanzu."

"Ba zai ce ba. Je ki sha ruwa."

Caroline tana naɗe igiya sai ta ga wata mata doguwa cikin kayan wasanni ta tsallako ɓaraguzan katanga, wani mai keke na biye da ita. Ba ta bi ta ƙofa ba, ba ta kuma nemi izinin kowa ba.

"Ke ce malamarta? Sunana Murna. Ni nake horar da 'yan matan da za mu kai gasa kudu bayan salla. Kasuwa zan je, direbana ya tsaya kallo ya ƙi tafiya." Idonta na kan Kadijatu. "Ina son wannan yarinyar. Ina ne gidansu?"

"Ba za ta je ko'ina ba," in ji Caroline. "Na yi wa mai riƙonta alkawari, tsallenta ba zai fita katangar nan ba."

Murna ta waiwaya ta dubi rusasshiyar katangar, ta ɗaga gira.

"Ai na san gidan, Hajiya," in ji mai keken, yana washe baki yana goge fuskar wayarsa da riga. "Yarinyan Alhaji Yuguda ne, ni nake kai shi tike, kasuwan shanu. Tun tsallen farko nake ɗauka. Na ma tura mishi, ya ga abin alfahari." Wayar ta fara ƙara a hannunsa, ya duba. "Yauwa, ga shi yana kira."