Ciyawar da Baba Ya Nome

Shekara uku Haulat tana renon ciyawa a bayan gidansu na Umm Salal, kuma duk wanda ya ji sai ya yi dariya. Mace ta taso tun daga Funtuwa neman digirin dakta a Doha, ta ƙare a kan ciyawa! To amma ba kowace ciyawa ba ce. Larabawa na ce mata nasi. Ganyenta siriri ne a naɗe kamar allura, kowace ƙwayar iri tana da gashi uku, na tsakiyar mai laushi irin na tsuntsu, shi iska ke kamawa ta yi gaba da shi. Da zafi ya shigo sai ta bushe ƙayau, ka rantse ta mutu, alhali saiwar na nan da ranta, lulluɓe da yashi, tana jiran yayyafin Disamba. Tushe arba'in Haulat ta dasa, kowanne da lambarsa. Tohon shekara ta uku kaɗai ya rage ta auna ta rufe bincikenta.

Ana haka mahaifinta, Malam Garzali, ya zo a yi masa aikin ido. Manomi ne na gaske, irin wanda zaman kujera ke sa wa ciwon baya. Ido na warkewa kuwa, abin da ya fara gani busasshiyar ciyawa ce a gidan 'yarsa.

Ranar Talata da la'asar ta dawo daga jami'a ta tarar da bayan gida fes, ko tsinke babu. Baba na tsaye da fartanya, gumi ya jiƙa masa riga, sai murmushi yake yi.

"Uwata, zo ki gani. 'Yar manomi guda, a bar gida kamar kango? Da saiwa na tumɓuke ta, irin wannan in ka sare ta sama dawowa take yi, na san halinta. Motar shara ma ta kwashe tun da hantsi. 'Yan robobin nan masu lamba kuma na tara miki a gwangwani."

Ranta ya ɓaci iyakar ɓaci, amma uba ne, me za ta ce? "Sannu da aiki, Baba," ta faɗa, ta wuce kicin ta tarar da mijinta Mas'udu yana haɗa shayi hankali kwance.

"Wa ya ba shi fartanya?"

"Ni na sayo a kasuwar Rayyan. Ke kika ce duk abin da ya nema a yi masa."

"Shekara uku, Mas'udu! Kai da ka raka ni daji muka haƙo su, ba ka iya tambayar me zai nome ba? A gidan nan akwai wata gona ne? Shi ke nan, ka kashe ni!"

"Ke fa? Kin taɓa gaya masa a kan me kike bincike?"

Nan haushinta ya ninku don gaskiya ya faɗa. Kullum Baba ya tambaya a waya sai ta ce kimiyya, tana kunyar ta ce wa manomi ciyawa take shayarwa.

Sai ga Baba a bakin ƙofa riƙe da tsintsiya sabuwa, gashin nan fari yana lilo a bakinta.

"Na ware masu kyan na ɗaure miki wannan. Wai Uwata, karatun naki ma na mene ne?"

Haulat ta nuna tsintsiyar da yatsa.

"Shi ne a hannunka, Baba."