Duniyoyi a Kan Kwanukan Gaji

Tun da Malama Mubaraka ta dawo daga Damagaram bakinta bai rufu ba. A gidan waya ta samo tambur guda takwas, irin wanda ake manna wa wasiƙa, kowane da hoton duniya ɗaya cikin masu zagaya rana. Ga Zuhal da zobensa, ga Marik ja wur kamar garwashi. Ta yi wa 'yan ajinta na lakwal, wato makarantar bokon Dogo-Dogo, alkawarin yau da yamma za su gani da idonsu, don sun daɗe suna mata kallon mai tatsuniya.

Da tsakar rana ta zo ɗauka, ta ɗaga matashi, wayam!

"Inna, ina 'yan hotunan da na ajiye nan?"

Gaji, mahaifiyarta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Au, masu gam a baya? Allah ya yi maki albarka. Jan farcena ya ƙare, su na liƙa wa marafan kwanuka."

Ka san Gaji ba ta fidda kwano ba shaida, don kada ya ɓace a gidan mutane. Yau kuwa sunan jikanta, tuwo ya riga ya bazu cikin gari. Kuma wace mace ce za ta maido kwano ba ta wanke ba?

Mubaraka ta zari mayafi ta fita da gudu, takalmi a hannu. Gida gida take faɗawa, sallama da haki a haɗe. "Kada a wanke! Don Allah kada a wanke!" Mata suka yi ta dariya, wai yau an ga mai son kwano da miyarsa. Ta ƙwato Zuhal a bakin rijiya, ta tsamo Marik daga hannun wata tsohuwa da ta riga ta ɗebo toka. Duk wanda ta samu sai ta yi tsalle kamar ba malama ba.

A gidan ƙarshe ta tarar da Gwaggo Yalwa ta dirje nata tas, marfi sai ƙyalli yake. Tambur ɗin da ta wanke daga kansa kuwa hoton wannan duniyar tamu ne, shuɗin nan da ta fi so. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

Gaji da kanta ta ɗauko mata kwanukan a ka har lakwal. Aka kifa babban daro tsakar fili a matsayin rana, aka jera marafai kewaye da shi. Yara suka yi caa, suna ture juna, suna ihun Zuhal ya sa malafa.

Sai wata yarinya ta ɗauki wankakken marfin. "Madam, wannan fa ba komi a kansa."

Mubaraka ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, yarinyar ta ƙwala ihu. "Kai, ku zo! Ga mu nan a ciki!"

Suka taru suna leƙa fuskokinsu a jikin marfin. Mubaraka ta leƙa ita ma, ta ga kanta a tsakiyarsu, tana dariya da hawaye.